Daga Madugu zuwa Wayar Hannu: Tarihin Labari da Ciniki a Ƙasar Tambuwal da Kebbe



Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda labari da kuɗi suke tafiya a kudancin Jihar Sakkwato, wato ƙasar Tambuwal da Kebbe, tun zamanin fatake har zuwa na wayar hannu. Ra'ayina kuwa shi ne, wayar ba ta ƙago ciniki tsakanin mutanen da ke nesa da juna ba. Gadonsa ta yi. Abin da ta sauya shi ne hannun da ke riƙe da hanyar.

A ƙarni na 19 wannan yanki yana kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, wadda kasuwarta ta shahara wajen goron Gwanja. Ayarin da ya tafi Gwanja yakan yi watanni kafin ya komo, kuma shi ne jaridar zamanin. Daga bakin madugu da fatake ake jin tsadar goro, da hanyar da ta ɓaci, da zangon da ke da lafiya. Wuri kuma kuɗi ne mai nauyi, saboda haka ciniki mai yawa bisa bashi da amana ake yin sa. Fatoma ya sauki baƙo, ya adana masa kaya, dillali ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa shaida. Ku riƙe waɗannan mutane biyu, gama za mu sake gamuwa da su.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sun ja wayar tangarahu sun kafa gidajen waya, amma don bukatar mulki, ba don talaka ba. Haka abin ya zauna har bayan samun 'yancin kai. An kafa NITEL a 1985, duk da haka zuwa shekarar 2000 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, kuma galibinsu a manyan birane suke. Manomin Kebbe rediyo yake da ita, wadda ke faɗa masa magana amma ba ta jin tasa. In yana da saƙo, sai wasiƙa ta hannun direba.

A Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Globacom ya shigo a 2003 da lissafin kira bisa daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Dalilin da ya sa wannan waya ta isa karkara, alhali ta da ta kasa, a bayyane yake. Tarhon da sai an ja masa igiya zuwa kowane gida. Ita kuwa wannan, dogon ƙarfe guda ake kafawa, ya riƙa musayar saƙo ta iska da dukan wayoyin da ke kewayensa, sa'an nan ya miƙa wa na gaba. Da haka mai shinkafa ko albasa ya sami ikon jin farashin Jega da na Sakkwato kafin ya ɗora buhu a mota.

Daga magana sai kuɗi ya bi. Kenya ta nuna hanya da M-Pesa a 2007. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin biyan kuɗi ta waya a 2009, da na wakilan banki a 2013. Wani abin lura shi ne, tura kuɗi ta hanyar latsa lambobi ba ya bukatar intanet, ƙaramar waya ma ta isa. A nan ne fatoma da dillali suka komo cikin sabuwar riga: mai POS da ke zaune a bakin kasuwa shi ke karɓa, shi ke bayarwa, kuma wanda bai iya karatu ba a hannunsa yake ɗora amanarsa.

To, amma akwai bambanci babba. Hanyar fatake tana da rassa, in ɗaya ta toshe madugu ya bi wata. Hanyar iska kuwa daga ofis guda ake iya rufe ta. A farkon Satumban 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbe, don a toshe wa 'yan bindiga sadarwa. Kafin watan ya ƙare gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta yi haka a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato. Inda abin ya shafa, na'urar mai POS ta zama banza, mai neman taimako ya rasa ta inda zai yi kira, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don magana ta minti biyu.

Ba a daɗe ba aka ga ɗaya fuskar. Sauya takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni, inda sabis ke da ƙarfi an ci kasuwa ta waya. Inda babu kuwa, manomi ya karyar da hatsi ko dabbarsa ga duk mai tsaba a hannu.

Saboda haka, ya ku ma'aikata, dogon ƙarfen nan a yau matsayinsa ɗaya da gada da rijiya. Wanda zai ba da shawarar rufe shi, ko ta tilasta ciniki ba tsaba, wajibi ne ya fara lissafa ƙauyukan da sabis bai kai ba, da abin da za su ci a ranar kasuwa. Ku kuma ɗalibai, dattawan da suka ga zamanin wasiƙa da na waya suna nan da rai a Kebbe da Kuchi da Tambuwal. Ku je ku rubuta abin da suka sani tun suna iya faɗa.