Zango a Hanyar Hajjin Ƙasa

Zango shi ne masaukin da matafiya ke yadawa a bayan gari ko kusa da rijiya, yawanci bukkokin kara da rumfunan zana ƙarƙashin kulawar sarkin zango. Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyatan ƙasar Maska, kamar sauran Hausawa, sukan bi ayari ƙarƙashin madugu, wato jagoran tafiya, suna yada zango a hanya, su ratsa Kano da Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, inda ake haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, domin wanda guzurinsa ya ƙare yakan tsaya ya yi ƙodago, musamman a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a Sudan a 1925, aikin da ba baƙo ba ne ga manomin Maska.