Kurkunu Ya Tafi, Tsargiya Tana Nan

Ni mutumin Bena ne, a ƙasar Zuru, amma ban taɓa ganin kurkunu da idona ba. A bakin kakata na ji yadda magidanci kan kwanta a zaure da damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, gona kuwa ciyawa ta cinye.

Da aka fara ƙidayar masu wannan ciwo a Nijeriya a 1988, an sami mutum fiye da 650,000. Cibiyar Carter ta Amurka ta haɗa kai da gwamnati, daga baya Janar Yakubu Gowon ya riƙa bin ƙauyuka yana faɗakarwa. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Jihar Inugu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da shi. Abin lura, ya kai mai karatu, shi ne ba allura ta kashe kurkunu ba. Ta ruwan sha yake shiga, saboda haka ƙyallen tace ruwa da rijiyar burtsatse suka gama da shi.

Tsargiya, watau fitsarin jini, ita kam na gan ta ga abokan wasana. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Daga jikin katantanwa take fitowa ta huda fatar mai wanka a rafi, don haka tace ruwa ba ya tsare ta. Akwai ƙwayar praziquantel mai kashe ta, amma da yaro ya koma rafi sai ta komo.

To, ina rigakafi? Tun 1959 shanu suka sami rigakafin tsutsar huhu, aikin masanan Jami'ar Glasgow a Birtaniya. Ɗan Adam kuwa har yau ba shi da na kowace irin tsutsa. Dalili na farko, tsutsar tsargiya kan yi shekaru cikin jini tana lulluɓe kanta da abubuwan jikin mai ita, har jiki ya kasa gane baƙuwa ce. Na biyu, ciwon talaka ne, kamfanonin magani ba su hango riba. An gwada allurar Bilhvax ga yara 250 a Senegal daga 2009 zuwa 2012, ba ta ba da kariyar da ake nema ba. An kuma gwada wasu a Brazil da Uganda.

Ra'ayina shi ne mu goyi bayan masu bincike, amma kada mu naɗe hannu muna jiran su. Tarihin kurkunu ya nuna cewa ruwa mai tsabta shi ma rigakafi ne. In akwai famfo da masai a kowane ƙauye namu, fitsari ba zai kai rafi ba, tsutsa kuma ta rasa hanya. Allah Ya nuna mana ranar da jikokinmu za su ji labarin tsargiya a baki kawai.