Kasfiya: Teku ko Tafki?

Rabon arziki ne ya haifi gardamar kiran Kasfiya teku ko tafki. Lokacin da Tarayyar Sobiyet da Iran ne kaɗai ke gaɓarta, yarjejeniyoyin 1921 da 1940 sun wadatar da su. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, masu gaɓar suka zama biyar, ga mai da iskar gas kwance ƙarƙashin ruwan. Wani zai ce ai ruwan gishiri ne, don haka teku ce. Amma gishirinta kusan sulusin na babbar teku ne, kuma ba ta da mafita. Iran, mai gajeriyar gaɓa, ta dage a ɗauki Kasfiya a matsayin tafki, a raba ta daidai wa daida. A birnin Aktau, a 2018, aka ba Kasfiya matsayi na musamman, rabon ƙasan ruwan kuwa aka bar wa maƙwabta su sasanta.