Ƙudan Mangwaro da Tarihin Neman Maƙiyinsa

A lambunan Garwa da ke bakin kogin Binuwai, manomi kan tsinki mangwaro mai kyan gani, ya yanka, ya tarar tsutsa ta cinye cikinsa. Aikin ƙudan 'ya'yan itace ke nan. Nau'in da aka saba da shi a yankunan fari na Afirka shi ne Ceratitis cosyra. A 2003 aka ga wani baƙon ƙuda daga Asiya a Kenya, a 2004 kuwa har ya iso Kamaru.

Masana sun daɗe da sanin cewa wasu ƙananan ƙwari, dangin zanzaro da rina, kan saka ƙwansu a cikin ƙwan ƙudan ko tsutsarsa, 'ya'yansu su cinye shi tun bai yi fiffike ba. A 1912 wani masani ɗan Italiya, Filippo Silvestri, ya zagaya Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Kamaru, yana neman irinsu domin gonakin tsibirin Hawai.

Wahalar ita ce tantance su, domin sun yi kama ƙwarai. Akan shimfiɗa ruɓaɓɓen mangwaro bisa yashi, tsutsotsi su nutse ciki, a tankaɗe, a zuba a kwalba, a jira abin da zai fito. Sannan a duba launinsa, da jijiyoyin fiffikensa, da tsawon tsinken da mace ke saka ƙwai da shi.

Duk da haka an sha yin kuskure. Ƙwaron da ya fi yi wa Hawai amfani an raɗa masa suna Opius oophilus a 1951, daga baya aka gane tun 1932 an bayyana shi daga Taiwan. Yau sunansa Fopius arisanus. Shi ma baƙon ƙudan an ɗauke shi sabon nau'i a 2005, sai bayan kusan shekara goma aka tabbatar Bactrocera dorsalis ne, wanda Hawai ta daɗe tana fama da shi.

A 2006 cibiyar icipe ta Nairobi ta shigo da Fopius arisanus, aka sake shi a ƙasashe da dama. Ya fi bunƙasa a inda ake da laima, ya kuma fi son ƙwan baƙon ƙudan. Saboda haka a Garwa, inda rani ke da tsawo, sai an san ƙudan da ke cikin mangwaro da ƙwaron da ke cinsa kafin a zaɓi wanda za a saka a lambu.