Shekara Ɗari Ana Gadin Tauraro Ɗaya

A shekarar 1896, Louisa Wells, ma'aikaciya a cibiyar nazarin taurari ta Harvard da ke Amurka, tana bin hotunan sama da aka ɗauka a kan farantan gilashi, sai ta lura da wani tauraro mai baƙon hali. Yakan yi makonni a dusashe, rana ɗaya haskensa ya ninka kusan sau 40, ya yi mako ɗaya ko biyu a haka, sannan ya lafa. Shi ne SS Cygni. Daga baya aka gane taurari biyu ne masu kewaya juna cikin awa shida da rabi. Ɗayan shi ne abin da masana ke kira farin wada, wato gawar tauraro wadda girmanta bai wuce na duniyarmu ba, amma nauyinta ya kusa na rana. Wadan yana zuƙe iskar abokin tafiyarsa, iskar ta taru tana juyawa kewaye da shi kamar faifai. Idan ta yi yawa sai ta ɓalle, kamar ruwan da ya fi ƙarfin madatsa, ta kwararo kansa. A inda take karo da jikin wadan, zafi yakan kai miliyoyin digiri, har ya fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti.

Iskar duniyarmu ba ta barin wannan haske ya iso ƙasa, dole sai an tura tauraron ɗan'adam. Amma shi SS Cygni ba ya sanar da ranar tashinsa, kuma lokacin waɗannan na'urori a ƙididdige yake. A nan ne darajar masu kallon sama don sha'awa ta fito, kuma ina ganin tarihi bai ba su haƙƙinsu ba. A watan Oktoba na 1996, shekara ɗari cif bayan Wells, 'yan ƙungiyar AAVSO, wadda aka kafa a 1911, suka ga ya fara tashi da ƙananan madubansu na hangen nesa, suka kai labari, aka juya taurarin ɗan'adam RXTE da EUVE suka fuskance shi. Abin da aka gani ya saɓa wa tunanin mai sauƙin lissafi. Eksire mai ƙarfi bai motsa ba sai bayan kusan kwana guda da tashin hasken da ido ke gani. Ya hau, sannan ya faɗi farat ɗaya, daidai lokacin da hasken ultrabayolet ya mamaye wurin, bai dawo ba sai da tashin ya zo ƙarshe. Iskar ce ta yi kauri a bakin wadan har ta shaƙe eksiren, ta mayar da shi haske mai laushi.

Wani zai ce ai aikin masu sha'awa bai wuce na mai buga ƙararrawa ba, ilimin na masu na'ura ne. Wannan magana ba ta zauna ba. Jinkirin kwana gudan nan shi ne lokacin da tashin ya ɗauka kafin ya ratsa faifan zuwa tsakiya, kuma ba a iya auna shi sai an san sa'ar da hasken ido ya fara hawa. Wannan sa'a daga rubutun masu sha'awa ta fito, mutanen da suka hana idonsu barci a bayan gidajensu ba tare da albashi ba.

An sake ganin haka a wani bincike da aka wallafa a 2013. Awon da madubin hangen nesa na Hubble ya yi ya ajiye tauraron nesa, har nazariyyar cewa ɓallewar iskar faifan ce ke kawo tashin ta shiga rawa. Masu sha'awa suka sake kai labarin tashinsa, na'urorin rediyo suka auna shi, aka samu nisansa tafiyar haske ce ta kusan shekara 370, nazariyyar ta tsira. Har yau 'yan ƙungiyar suna rubuta haskensa dare bayan dare.