Rake a Tankin Mota: Birazil da Tsadar Man Fetur

A farkon shekarar 1973 gangar ɗanyen mai ba ta wuce dala 3 ba a kasuwar duniya. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila a watan Oktoba na shekarar, sai ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage abin da suke haƙowa, suka kuma hana Amurka da Holan man nasu. Kafin watan Janairun 1974 ya fita, ganga ta doshi dala 12. Kowace ƙasa ta shiga neman mafita: Faransa ta duƙufa gina tashoshin nukiliya, Holan kuwa har hana tuƙin mota ta yi ranakun Lahadi.

Birazil na daga cikin waɗanda abin ya fi yi wa ciwo, domin kusan kashi 80 cikin ɗari na man da take sha daga waje take sayowa. Shugabanta na lokacin, Janar Ernesto Geisel, ya san sirrin harkar, kasancewar ya taɓa shugabantar kamfanin mai na ƙasar, wato Petrobras. A watan Nuwamban 1975 ya kafa shirin da aka kira Proálcool, wanda manufarsa ita ce a mayar da rake abin da mota za ta sha. Raken nan kuwa daɗaɗɗen amfanin gona ne a can, tun ƙarni na 16 da Turawan Fotugal suka kai shi, kuma da gumin bayin da aka kwasa daga Afirka aka noma shi. Akan matse raken, a zuba wa ruwan yisti ya tsimu, sannan a dafa a tace, a sami sinadarin itanol. Tuƙar da ta rage ita ake ƙonawa a tafiyar da injinan masana'antar.

Da farko gauraya shi aka riƙa yi da fetur. Da juyin juya halin Iran ya sake ingiza farashin mai a 1979, sai kamfanin Fiat ya fito da motar da ba ta shan komai sai itanol. Gwamnati ta ba masu masana'antu rance mai sauƙi, ta kuma tsare farashinsa ƙasa da na fetur. Zuwa 1985, mafi yawan sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar rake suke sha.

A ganina, babbar jarrabawar shirin ta zo ne lokacin da mai ya sake yin arha. A 1986 farashin ganga ya faɗo ƙasa da dala 15. Gwamnatin da bashi ya yi wa katutu ta janye tallafi, sukari ya yi daraja a kasuwa, masu masana'antu suka koma gare shi. A 1989 itanol ya yi ƙaranci, masu motoci suka sha dogon layi a gidajen mai, jama'a suka dawo daga rakiyar irin waɗannan motoci. Abin da ya hana shirin mutuwa shi ne dokar da ta wajabta gauraya itanol a cikin kowace litar fetur. Ita ta riƙe gonaki da masana'antu har zuwa 2003, lokacin da aka fito da motar da ke karɓar ko wanne direba ya ga dama.

A shekarar da Geisel ya sa hannu a kan shirinsa, mu nan Nijeriya kuɗin mai ne ke kwarara. Ma'aikata na kashe kuɗin Udoji, jiragen siminti sun cunkushe tashar Legas. Motar nan Igala da aka riƙa haɗawa a Legas a shekarun, wadda dattawanmu ke tunawa da ita, asalinta ƙirar Birazil ce. Motar muka ɗauko daga can, fetur kuma muka ci gaba da zuba mata a farashin tallafi, tallafin da sai ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire shi.