Asalin Kalma: Hafir

Hafir shi ne tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina. Kalmar Larabci ce, daga tushen hafara, wato haƙa, kuma jam'inta hafa'ir. Hausawan Gadarif a gabashin Sudan sun are ta daga maƙwabtansu Larabawa. Ta fi kusa da kududdufi, sai dai shi kududdufi ramin ɗibar ƙasar gini ne da ruwa ya cika daga baya, hafir kuwa don ruwan aka yi shi.

Dabarar tsohuwa ce. Babban hafirin Musawwarat a Sudan, na zamanin daular Kush, faɗinsa ya kai kimanin mita 250. A Gadarif, baƙar ƙasa mai yumɓu tana riƙe ruwa, shi ya sa hafirai suka yawaita bayan an fara noman tarakta a Gadambaliya a shekarun 1940.

Daga tushen nan ne aka samo haffara, sunan motar haƙa, wadda ake kawowa idan laka da ciyawar ruwa sun cinye hafir. Mafi taurin kai a ciyayin ita ce shalla, wadda mutanen Haɗeja da Nguru ke kira kacala. Saiwarta na yaɗuwa cikin laka, don haka sassabe ta daga sama aikin banza ne. Ko dai a yanke ta a ƙarƙashin ruwa har saiwar ta rasa iska ta ruɓe, ko a jira rani, haffara ta kwashe lakar tare da saiwar.